Darasi: Sunan Bawo da Labarin da ke Bayansa

Bawo sunan namiji ne, kuma yana cikin tsofaffin sunayen da tarihin ƙasar Hausa ya riƙe. A labarin asalin Hausa Bakwai, shi ne ɗan da Sarauniya Daurama ta haifa wa Bayajidda, shi ne kuma uban Bagauda, wanda ake lissafawa sarkin Kano na farko. A ƙauyukan Dambatta da Bichi da Minjibir da Dawakin Tofa da Tsanyawa, da wuya yau a ji an ƙwala wa yaro kira da Bawo. Wanda kunne ya saba da shi shi ne Bawa, har mutane da yawa suna ɗauka suna ɗaya ne, baki ne kawai ya ɗan karkata. Ba ɗaya ba ne. Kowannensu da tushensa da dalilin sa shi, ko da yake akwai inda tarihi ya haɗa su.

Labarin da sunan ya fito

Ruwayar da ta fi yaɗuwa ita ce ta Daura. Ta ce wani ɗan sarkin Bagadaza, Abu Yazid, wato Bayajidda, ya bar garinsu da mayaƙansa ya sauka Barno. Mai na Barno ya aura masa 'yarsa, amma ya yi ta janye masa mayaƙa da dabara, har baƙon ya ga alamar ransa ake nema. Sai ya gudu yamma da matarsa, tana da ciki. A Garun Gabas, can wajen Haɗejiya, ya bar ta, ta haifi ɗa wanda aka kira Biram. Shi kuwa ya wuce Gaya, maƙera suka ƙera masa wuƙa, ya ci gaba da tafiya har ya shiga Daura da dare, ya sauka gidan wata tsohuwa mai suna Ayana.

Ya nemi ruwa, tsohuwa ta ce babu. Rijiyar garin, Kusugu, akwai macijiya a cikinta da ake kira Sarki, ba ta barin kowa ya ɗebi ruwa sai ranar Juma'a. Baƙo ya ce a ba shi guga. Da ya zura, macijiya ta riƙe, ya jawo ta sama, ya sare kanta ya jefa a jaka. Ya sha, ya shayar da dokinsa, ya kawo wa tsohuwa sauran ruwan. Gari na wayewa labari ya kai fada, Daurama ta yi alkawarin rabin gari ga wanda ya yi wannan aiki. Maza da dama suka ce su ne, amma aka rasa mai nuna kan macijiyar, sai da baƙo ya zo ya fito da shi. Da aka miƙa masa rabin gari ya ce ba shi yake so ba, aurenta yake so.

Aka ɗaura aure, amma al'adar sarautarta ta hana ta kusantar namiji a lokacin, don haka ta ba shi baiwarta, Bagwariya, ta zama ƙwarƙwararsa. Bagwariya ta riga ta haihuwa, ta sami namiji, ta sa masa suna Karaf-da-gari, wasu kuma su ce Karɓagari. Sunan ya sosa wa Daurama rai ƙwarai. Bayan wani lokaci ita ma ta sami ciki, ta haifi namiji, ta sa masa Bawo, ko Bawogari.

Har yau rijiyar Kusugu tana nan cikin garin Daura, an gina mata ɗaki, ana zuwa ganinta. Daga Kano, hanyar da ta ratsa Dambatta da Kazaure ce take kai mutum can.

Ma'anar sunan

Sunayen nan biyu zance ne cikakke, ɗaya na amsa wa ɗaya. Karɓagari yana cewa an karɓe gari, wato ɗan baiwa ya riga zuwa, sarauta ta zama tasa. Bawo kuwa daga kalmar "ba" yake, ta bayarwa, aka ƙara mata wasalin "o" a ƙarshe. Wannan wasali a Hausa shi ke nuna aiki ya nufo wajen mai magana, kamar a kawo da komo da sayo da ɗebo. Saboda haka Bawo na nufin a miƙo nan, a dawo da abin ga mai shi. Bawogari kuma, a mayar mana da garinmu.

Wanda ya tashi a gida mai kishiyoyi ba ya bukatar a fassara masa wannan. Habaici ne, ba a ambaci sunan kowa ba, amma wadda aka yi dominta ta ji. Abin da ya sa wannan habaici ya fi na tsakar gida nauyi shi ne an ɗora shi a kan yaro, duk wanda ya kira shi, ko da bai san dalili ba, ya maimaita ƙorafin uwar. Kuma abin da ake ja-in-ja a kansa gadon sarauta ne: shin ɗan da ya riga zuwa ke da gari, ko ɗan 'yar gida mai asali? Labarin ya yanke hukunci ya ba Bawo. Ruwayar ta ce shi ya gaji ubansa, kuma daga kansa mulkin Daura ya koma hannun maza, bayan jerin sarauniyoyi da ake kira Magajiya.

Sa wa yaro suna wanda yake zance ne ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. Abarshi roƙo ne a bar wa uwa ɗanta. Tunau shi ne wanda aka tuna da uwarsa bayan ta daɗe ba ta haihu ba. Shekarau ya wuce watannin haihuwa a ciki. Nomau an haife shi ana tsakiyar noma. Bawo yana cikin wannan dangi, bambancinsa kawai shi ne nasa dalilin ya shiga tarihin sarauta. Sunan Bayajidda kansa an fassara shi ta wannan hanya, an ce daga "ba ya ji da" ne, domin da ya zo ba ya jin Hausa.

'Ya'yan Bawo da zuwan Bagauda

An ce Bawo ya haifi 'ya'ya maza shida: Gazaura ya riƙe Daura, Bagauda Kano, Kumayau Katsina, Gunguma Zazzau, Duma Gobir, Zamnakogi Rano. Da Biram suka cika bakwai. An kuma raba musu ayyuka: Kano da Rano sarakunan baba, wato rini da tufafi, Katsina da Daura sarakunan kasuwa, Gobir sarkin yaƙi, Zazzau sarkin bayi. Zuriyar Karɓagari kuwa aka jingina musu wasu ƙasashe bakwai na maƙwabta, Zamfara da Kabi da Yawuri da Nupe da Gwari da Yarabawa da Kwararrafa, aka kira su Banza Bakwai. Wannan laƙabi bai dace da mutanen waɗannan ƙasashe ba, domin kowaccensu tana da nata tarihin asali, kuma ba ta taɓa kiran kanta haka ba. Laƙabin ra'ayin masu ba da labarin ne kawai.

A Kano, littafin da ya fi muhimmanci shi ne Tarihin Kano, wanda aka rubuta da Larabci, jerin sarakunansa ya tsaya a kan Sarki Muhammadu Bello a ƙarshen ƙarni na 19. H. R. Palmer ya buga fassararsa ta Turanci a 1908, fassarar Hausa kuma ta fito a Labarun Hausawa da Maƙwabtansu a farkon shekarun 1930. Littafin bai kawo labarin macijiya ba. Ya fara da mutanen dutsen Dala da shugabansu Barbushe, mai kula da Tsumburbura, wanda ya faɗa wa jama'arsa cewa wani zai zo da runduna ya mallake su. Sannan Bagauda ya zo, ya zauna a Sheme, ya yi shekara 66 yana mulki. Shekarun 999 zuwa 1063 da ake rubutawa a littattafan makaranta ba a cikin littafin suke ba. Palmer ne ya lissafo su baya-baya daga tsawon mulkin kowane sarki, yana juya shekarun Hijira zuwa na Miladiyya.

Akwai wani abu a littafin da ya shafi darasin suna kai tsaye: ya ce sunan Bagauda Dauda. Haka Yaji, wanda a zamaninsa Wangarawa suka zo da Musulunci a ƙarni na 14, sunansa Ali. Ko da marubutan baya ne suka ƙara wa Bagauda sunan Dauda, abin ya nuna yadda Bakano yake ganin mutum mai daraja: yana da sunan Musulunci, yana kuma da na Hausa wanda jama'a suka san shi da shi. Sunan Bagauda bai ɓace ba. Akwai tsohuwar Waƙar Bagauda mai lissafa sarakunan Kano, akwai kuma tafkin Bagauda a kudancin jihar, wanda aka yi a zamanin Gwamna Audu Baƙo.

Abin da masana tarihi suka ce

Labarin Bayajidda hikaya ce ta asali. Ba a karanta shi kamar rahoton wanda ya gani da ido. Shaida ta farko tana cikinsa: baƙon ya tarar da gari da sarauniya da rijiya, ya tarar da maƙera a Gaya, ya tarar da mutane suna magana da harshen da ba ya ji. Ke nan Hausawa suna nan kafin ya zo. Binciken tona ƙasa ma ya nuna ana narka ƙarfe a Dala tun wajen ƙarni na 7. Farfesa Abdullahi Smith na Jami'ar Ahmadu Bello, a wani rubutu na 1970, ya nuna cewa birane irin su Kano sun tashi ne a hankali, daga ƙauye zuwa gari zuwa birni, saboda ƙasar noma da tama da kasuwa da mafakar duwatsu, ba don wani jarumi ɗaya ya sauka ba. Dokta Yusufu Bala Usman ya bi wannan hanya a bincikensa kan Katsina. W. K. R. Hallam kuwa, a 1966, ya yi hasashen sunan Abu Yazid ya samo asali daga wani ɗan tawaye na Arewacin Afirka da ya yaƙi Faɗimawa ya mutu a 947, kuma wataƙila mabiyansa da suka watse ne suka kawo sunan kudu.

Wannan bai rage wa labarin daraja ba. Ya adana abubuwan da mutane suka ga sun cancanci tunawa: cewa mata sun taɓa mulki a Daura, cewa akwai tsohuwar alaƙa da Barno, cewa garuruwan nan bakwai sun ɗauki juna 'yan'uwa ko da suna yaƙar juna.

Ruwayar da ta fi jawo muhawara ita ce ta Muhammadu Bello ɗan Shehu Usmanu, a littafinsa Infaƙul Maisuri, wanda ya rubuta wajen 1812 kafin ya zama Sarkin Musulmi. A can an ruwaito cewa Bawo bawan Sarkin Barno ne, kuma daga gare shi waɗannan ƙasashe suka fito, ban da Gobir. A nan ne Bawo da Bawa suka haɗu. A Daura, Bawo ɗan sarauniya ne mai neman haƙƙinsa. A ruwayar Infaƙul Maisuri, bawa ne da aka wakilta ya riƙe ƙasa. Kusancin kalmomin biyu ya sauƙaƙa wannan juyi, kuma kowace ruwaya tana yi wa masu ita amfani: ɗaya tana tabbatar da 'yancin sarautar Hausa, ɗaya tana tabbatar da fifikon Barno.

Bawa

Bawa shi ne wanda aka mallaka. Mutum zai yi mamakin uwar da za ta yarda a kira ɗanta haka, sai ya san halin da ake sa sunan. Macen da take haihuwa 'ya'yan suna mutuwa tun suna jarirai, ana cewa tana wabi. A da, kafin rigakafi da asibitin haihuwa su kai karkara, ƙyanda da zazzaɓin cizon sauro da gudawa da tsinkau-tsinkau suna ɗauke yara da yawa, kuma kusan kowane gida akwai mai irin wannan tabo. Idan irin wannan mace ta sake haihuwa, tsofaffi sukan nuna kamar ba a damu da yaron ba, don abin da ke ɗauke 'ya'yan ya raina shi ya wuce. Wani a kai shi kan juji a ajiye na ɗan lokaci, wata tsohuwa ta ɗauko shi kamar ta tsinta, a kira shi Ajuji. Wani a kira shi Ayashe, ko Barau, ko Mantau. Wani kuma a ba wata mace ta riƙe shi kamar ba ɗan gidan ba ne, a kira shi Bawa.

Malamai sun daɗe suna wa'azi a kan aƙidar da ke ƙarƙashin wannan al'ada, domin rai da ajali na Allah ne, suna ba ya kore mutuwa. Al'adar ajiye jariri a juji ta ja baya sosai, kuma ya kamata ta ja, don juji wurin cuta ne. Amma bai dace a yi wa masu waɗannan sunaye dariya ba. Bayan kowanne akwai uwar da ta rasa 'ya'ya biyu ko uku, ta kuma yi abin da ta sani don wannan ya rayu.

Sunan Bawa ya zauna daram cikin Musulunci, domin ma'anarsa ɗaya da farkon Abdullahi da Abdurrahman da Abdulƙadir, kuma kowa bawan Allah ne. Sarakuna ma sun amsa shi: Bawa ya yi sarautar Kano daga 1660 zuwa 1670, Bawa Jan Gwarzo kuma ya mulki Gobir a ƙarshen ƙarni na 18, a zamanin da Shehu Usmanu yake yawon wa'azi.

Sunan yanka da sunan gida

Ranar suna a ƙauye, bayan sallar asuba ake shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Maza su taru, a raba goro da dabino. Uban yaro ya sunkuya ya raɗa wa liman suna, a yi addu'a, maroƙi ya ɗaga murya ya faɗa don na cikin gida su ji, jama'a su ce Allah ya raya. A yanka rago da wannan suna, shi ya sa ake ce masa sunan yanka, kuma kusan kullum na annabi ne ko sahabi ko wani malami. Wanzami ya zo ya yi aski.

Amma da wuya wannan suna ya zama wanda za a riƙa kira a tsakar gida. Idan ɗan fari ne, uwa tana alkunya ba ta faɗa. Idan sunan kakansa aka mayar, surukai ba za su iya faɗa ba, sai a ce Abba ko Baba. Daga nan kakanni mata suke shigowa da nasu: Tanko ga namijin da ya biyo bayan mata, Gambo ga mai bin tagwaye, Ɗanladi da Ɗanlami da Ɗanjuma gwargwadon rana, Anaruwa ga ɗan damina, Sallau ga ɗan ranar salla. A wannan sashe na biyu ne tsofaffin sunayen Hausa suka sami mafaka bayan Musulunci ya kafu.

Misali daga Indiya

Masu kallon finafinan Indiya, waɗanda suka samu karɓuwa a Kano tun wajen shekarun 1960, sun saba jin Ram da Arjun da Kirishna. Waɗannan sunaye daga Sanskirit suke, tsohon harshen littattafan addinin Hindu, kuma kowanne da ma'anarsa: Arjun fari ko mai haske, Kirishna baƙi, Ram mai faranta rai. Sunan ɗan wasa Amitabh Bachchan ma na wannan harshe ne, Amitabh na nufin haske marar iyaka. Su ma suna bikin suna, galibi rana ta 11 ko ta 12, uba ya raɗa wa jariri sunan a kunne.

Labarin Ram, a littafin Ramayana, ya yi kusa da na Bawo. Sarki Dasharata na Ayodiya yana da mata uku. Ana shirin naɗa Ram, babban ɗansa, sai kishiyar uwarsa, Kaikeyi, ta tuna wa sarki wani alkawari, ta nemi a ba ɗanta Barata sarauta, a kori Ram daji shekara 14. Ram ya tafi, Barata ya ƙi zama kan gadon, ya riƙe wa wansa ƙasa har ya dawo. A nan ma gari ya koma ga wanda labarin ya ce shi ne mai shi. Sai dai bambancin babba ne: mabiya Hindu suna bauta wa Ram, suna sa sunansa don neman albarka, Bawo kuwa kaka ne na sarakuna, ba wanda ya taɓa bauta masa.

Suna a takarda

Samun suna biyu ko uku ba ya damun kowa a ƙauye, amma yana kawo cikas a ofis. Mutum ɗaya sai a tarar Abdullahi ne a takardar haihuwa, Audu a katin zaɓe, Bawa a asusun banki, kwamfuta kuwa tana ɗaukar su mutum uku ne. Gyaran yakan bukaci takardar rantsuwa daga kotu da zirga-zirga zuwa hedikwatar ƙaramar hukuma, wani lokaci ana tsakiyar aikin gona. Hanya mafi sauƙi ita ce a yi wa yaro takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya tun yana jariri, da sunan yanka da sunan mahaifinsa, a kuma bi wannan rubutu harafi da harafi wajen shiga makaranta da yin lambar NIN. Wanda yake son sunan gida ya shiga takarda, sai ya sa shi a gurbin suna na tsakiya, ya riƙa maimaita shi a wannan gurbi a kowane fom. Yawancin na'urorin rajista ba su da ɓ da ɗ da ƙ, don haka Baƙo yakan fito Bako, Ɗanladi ya fito Danladi, kuma mai takarda ya kamata ya karanta abin da aka buga kafin ya sa hannu ko ya dangwala yatsa.